Babandi da Bijimansa Masu Takunkumi

Kafin masu babur su fito, Babandi ya riga ya ɗaura bijimansa biyu a amalanke. Sai ya sa wa kowanne takunkumin igiya a baki, ya ja, ya sake ja, sannan ya kama hanyar gonakin bayan Shabu ɗauko doya. Takunkumin nan ba don bijiman ba ne, don bakin mutane ne.

A nan, mai shanu abin tuhuma ne. Manoma na cewa ɗan leƙen asirin makiyaya ne, makiyaya na cewa ya koma bawan manoma. Akuyar wani ma in ta ci ganyen rogo, sawun Babandi ake bi. An sha zama a kan a hana shi hanyar, alhali ita ce abincin gidansa. Abin yana ba ni haushi har yau, domin masu zaman nan doyarsu ce a bayansa.

Wadda ta fi kowa zafi ita ce Doofan, manomiyar da aka cinye wa masara wata damina, ta rantse shi ne. Cikin daminar da aka ci masarar ne kuma maciji ya sari mijinta Hilary a gona. Hanya ta zama taɓo, babu babur ko keke da zai shiga. Waɗanda suka gani sun ce Babandi sauke doyar mutane ya yi a ƙasa, ya kwantar da Hilary a amalanke, shi kuma ya haye bayan bijimi don ya rage wa amalanken nauyi. Doofan ta hau amalanken, amma adda na hannunta, idonta na ƙeyarsa har bakin titi, inda aka sami mota zuwa asibiti. Hilary ya rayu.

Kai ne ka ga addar, Babandi, ka ci gaba da kora. Na bijimai, mai baya kamar ginshiƙi!

Yanzu gwiwa ta ƙi, ya ajiye aikin. Na tambayi Doofan ko ta wanke shi.

"Har yau ban san wane ya ci masara na ba," in ji ta. "Amma in sun ce shi ne, ni da su ne."

Mun gode, Baba. Mu kuma da muka saura, in an ɗora mana wanda bai yarda da mu ba, mu kai shi inda za shi.