Esansi a bakin ɗana

Na fito zubar da ruwan wanki, sai na ga ɗana Isiyaku ya kafa kwalbar esansi, wato fetur, a baki ya kurɓa, ya sunkuya kan injin motarsa yana fesawa. Injin kuma a kunne!

Tsohuwar a-kori-kura ce da ya gada wurin marigayi babansa, yana ɗaukar dutse da ita daga Pissy. Kwanan nan da ya ɗaga ƙafa daga totur sai ta hau kakkarwa ta mutu.

Ni da na ga gobarar kasuwar Rood Woko da idona, sai na saki bokiti.

"Isiyaku! Ƙone kanka za ka yi a ƙofar gidana?"

Ya tofar, ya goge baki. "Inna, ralanti ne ya lalace, shi ya sa take mutuwa in na ɗaga ƙafa. Iska take sha ta wani wuri. Inda na fesa injin ya ɗaga murya, nan ɓarakar take. Ga shi, tiyon nan ne ya tsage."

"Wane mahaukaci ya koya maka?"

Ya yi dariya. "Mijinki."

Na zauna a dakali. Duk zamana da mutumin nan, na ɗauka warin esansin a rigarsa yake, ashe a bakinsa yake.

Na sa Isiyaku ya rantse ba zai sake ba. Ya rantse, amma gobe yana hanya, inda idona ba ya kaiwa.

Iyayen direbobi, naku ma haka suke yi, ko ba ku taɓa leƙawa ba?