Ƙarin Ruwan Goggo Adama

Kai jama'a, wannan kam sai na ba ku! Ban taɓa mantawa da ranar da Goggo Adama ta juya fuska bango ta ce ba ta shan komai sai an rataya mata ledar ƙarin ruwa ba.

Ni mai yankan kati ne a wani ƙaramin asibiti a ƙauyukan Roni. Ban yi makarantar lafiya ba. Ɗan abin da na sani a waya na karanta, sauran kuma na damu Incaj ɗinmu da tambaya, wato shugabar asibitin, Anti Ladi. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne tsadar jinya. A wajenmu in ba a yi wa mutum ƙarin ruwa ba, gani ake ba a yi masa komai ba. Ga ledar ruwa da roba da allura duk sun yi tsada, kuma a kemis ake sayowa.

Daminar bara, wata Laraba da safe, Malam Buba ya kawo mahaifiyarsa, Goggo Adama, a babur, tana fama da gudawa. Ƙa'idar aiki ita ce in yanka kati, Incaj ta duba, ta rubuta abin da za a sayo. Ta duba ta tsaf, ta ce, "Ba ta amai, tana iya sha. Ruwan gishiri da sukari ya isa." Ƙunshin garin haɗa ruwan nan kyauta muke bayarwa.

Goggo ta ce, "Gishiri da sukari? Har nan za a kawo ni a ba ni abin da ke ɗakina? Yanzu 'yan dubiya za su zo su ce Buba ya yi wa uwarsa rowa."

Kunya ta kama Malam Buba. Ya ja ni gefe ya ce zai buga waya a kai tunkiyarsa kasuwa don a sayo kayan ƙarin ruwa. Ita kaɗai gare shi, ga ta da ciki!

Ni kuwa na hau zuba: gishirin jiki, aikin hanji, duk abin da na karanta. Goggo ta ce, "Ɗan nan, kai likita ne ko rediyo?"

Na bar zuba. Can na durƙusa na ce, "Goggo, don Allah, allurar kike so?"

Ta rage murya. "Wa ke son allura? Tsoronta nake. A dai ga an rataya min."

Shi ke nan! Na janyo sandar rataya ruwa, na haɗa maganin a gora mai tsabta, na sa a leda na rataye. Goggo da kanta ta rufe hannu da mayafi.

'Yan dubiya suka shigo. "Sannu Goggo! Har da ƙarin ruwa? Allah ya yi wa Buba albarka." Wata ta leƙa ta ce, "Ina robar?" Goggo ta yi nishi ta ce, "Sabon samfuri ne."

Suna fita ta ce, "Maza sauko min da ita in sha, kar su dawo su ga ruwan ba ya tafiya."

Ana haka Incaj ta shigo. Ta dubi gorar, ta dube ni. "Sadi, ofis."

Na sha faɗa. Ta ce sandar nan ɗaya ce, in mai buƙatar gaske ya zo fa? Kar in ƙara taɓa kayan aiki ban tambaye ta ba. Na ce, "Na tuba, Anti." Har na kai ƙofa ta ce, "Gora nawa ta sha?"

"Uku."

Ta juya baya, kafaɗunta na rawa don dariya.

Bayan La'asar Goggo ta fita da ƙafarta, tunkiya kuma ba ta ga kasuwa ba.

Ranar na gane ba a kemis kaɗai ake tsawwala kuɗin jinya ba, har da idon 'yan dubiya. Tun daga nan, kafin in fara bayani sai na tambayi mutum me yake tsoro. Ku fa, abokan aiki, me aka taɓa nace muku a saya don kawai kar a ce? Ku faɗa min, ina ji!