Filin da Malama Lydia Ta Hana a Share

Kullum da safe, kafin a buga ƙararrawa, Malama Lydia Tagwai takan zaga bayan ɗakin gwaji na sakandarenmu a Kakuri, ta duba wani fili da ta hana a nome ko a ƙone tun shekarar da ta fara koyar da bayoloji. Mu ɗalibanta gidan macizai muke ce masa.

Ba ta koyar da kalma sai ta faɗi asalinta. Da muka zo kan kilaimas, ta ce daga Girkanci take, ma'anarta tsani. A wurin masana iya magana, jera zance ne daga ƙarami zuwa babba, kowanne yana taka na bayansa. A bayoloji kuwa, matakin ƙarshe ne da daji ke kaiwa in an ƙyale shi: ciyawa ta fara, kalgo ya biyo, sannan manyan itatuwa su kafu. Ta ce filin nata yana tsakiyar tsanin, ba za ta ga ƙarshensa ba.

Da mulki ya dawo hannun farar hula a 1999, aka amince a gina sababbin azuzuwa. Shugaban ƙungiyar iyaye, Malam Ernest, ya nuna filin a wani taro, ya ce nan za a gina su. Ina wurin taron, na zama uba a lokacin, kuma gaskiya yaranmu tamanin ne a aji.

"Malama, bush ne fa, daji kawai," in ji shi. "Yara ko ciyawa?"

"Yara," ta ce. "Amma ku bar mini rabi. A littafi za su karanta, a allo su zana, nan kaɗai za su taɓa da hannu."

Kashi ɗaya cikin uku aka bar mata. Ranar da aka sare babban marken wurin, raina ya ɓaci. Washegari Malama ta kewaye gefen da leburori suka ƙwaƙule da igiya, ta tara 'yan aji huɗu.

"Ku rubuta kwanan wata. Ƙasa tsirara, matakin farko ke nan. Yayyenku ba su taɓa ganinsa ba."

Malama Lydia, ke ce malamar da aka rage wa fili ta ƙaro darasi. Mun gode, Allah ya ba ki hutu mai daɗi. Malamarmu ta yi ritaya a watan nan, ta bar littattafai goma sha ɗaya na abin da ya tsiro a wurin, shekara bi shekara. Duk wanda ya gaji ajinta, don Allah ya ɗauki biro ya ci gaba daga inda ta tsaya.