Ranar da Na Yi Tafinta a Panshekara

Ana sallame sallar asuba muka bar Kaduna, mu uku a mota: ni, da direba, da baƙon da wani abokina ya haɗa ni da shi in yi masa tafinta. Ba'amurke ne baƙar fata, ƙato, yana ɗingisa ƙafar hagu saboda tsohon ciwon gwiwa. Sai da aka tura kujerar gaba har ƙarshe sannan ya samu wurin ƙafafunsa, ni kuwa na takure a baya gwiwata na zungurar haɓata.

Bari in yi muku bayanin aikinsa, don ni ma a hanya na gane shi sosai. A ƙasarsu akwai wata ƙwallo da ba irin tamu ba, wadda ake runguma a hannu ana gudu, ana ture-ture da hular kwano a ka. Sau ɗaya a shekara manyan ƙungiyoyin wasan sukan zauna su zaɓi 'yan wasa daga cikin ɗaliban jami'o'i, wannan ta ɗauka, waccan ta ɗauka, bi da bi har a gama. Kafin ranar an riga an auna kowane saurayi: tsayinsa, nauyinsa, gudunsa, har faɗin tafin hannunsa. Abin da sikeli ba ya iya aunawa, wato hali, shi ake tura irin baƙona su binciko. Ba shi da maraba da binciken da ake yi kafin a ba mutum aure.

Wanda muka je bincike a kansa Bakano ne, ɗan Panshekara. Ba zan faɗi sunansa ba, amma a inda ya taɓa aiki Tirela suke ce masa. Ƙwallon kwando ce ta fara kai shi Amurka, a can wani koci ya dubi faɗin kafaɗarsa ya mayar da shi wannan wasan, inda aikinsa shi ne ya tsaya ya tare ƙattin da ke son cim ma mai jefa ƙwallo. Baƙon ya ce ƙungiyarsa ta rasa wanda za ta ɗauka tsakanin Tirela da wani saurayin, don a fili kunnen doki suke. Abin da zai rubuto daga Kano yana iya raba gardamar.

Kafin mu kai Zariya ya kafa min sharaɗi. Ya ce a ƙasashe da yawa tafintoci sun sha zuba wa magana sukari kafin su miƙa masa, don haka abin da aka faɗa shi zan faɗa, ba ƙari, ba ragi, ba sharhi. Ni da na yi shekaru ina koyar da Turanci a sakandare, sai na bugi ƙirji na ce ya zo gidan. Da na san inda wannan alkawarin zai kai ni, da na tauna shi kafin in furta.

Mun karya a Tashar Yari da shayi da burodi da ƙosai mai zafi. Ƙosan ya ƙanƙance, kuɗinsa kuma ya yi ƙiba, kamar yadda komai ya koma yanzu. Mai shayin ya yi ta zuba wa baƙon Hausa, da ya ga ba amsa sai ya juyo gare ni ya ce, "Malam, ɗan'uwan nan naka girman kai ne ko ciwon haƙori?" Daga nan hanya ta yi kyau, sai 'yan wuraren da ake aiki a karkatar da mu hannu ɗaya. A Kwanar Gafan kwandunan tumatir jere har bakin kwalta, a Kura kuma ƙurar injinan shinkafa ta yi wa kowa furfura. Na'ibawa ta tarbe mu da cunkoson da ta saba, 'yan adaidaita sahu suna kutsawa ta inda ko akuya sai ta yi shawara.

Bompai muka fara zuwa. Rabona da unguwar ya kai shekara goma, kuma na ji ba daɗi. Masana'antun da na sani suna fitar da ma'aikata kamar tururuwa, da yawansu yanzu ƙofa a garƙame, ciyawa ta fito a kan katanga, maigadi ɗaya na gyangyaɗi a benci. A bayan wani sito akwai filin ƙwallon kwando da simintinsa ya tsattsage, nan Tirela ya koyi wasa. Kocinsa na farko, wani siriri mai usur a wuya, bai jira an gama tambaya ba ya ɓalle da yabo. Rabin yabon na Tirela ne, rabin na kansa. Na fassara duka, baƙon yana murmushi, amma na lura bai rubuta abu mai yawa ba. Daga baya ya ce min kowane koci a duniya haka yake magana.

Da azahar muna Sharada, a wata masana'antar roba inda ake buga butoci da bokitai. Nan Tirela ya yi lodi lokacin hutun makaranta. Mun tarar ana canjin aiki, masu fita fuska duk gajiya, masu shiga suna cusa gurasa a baki a tsaye. Mu ma muka zauna muka ci bandashe a bakin ƙofa, ƙuli-ƙuli da yaji da man gyaɗa, baƙon yana hawaye yana neman ƙari. Foman ɗin wurin, wani Bagumale mai ban dariya, ya ce Tirela bai taɓa makara ba, sai dai wajen cin abinci ba a haɗa kwano da shi. Da aka tambaye shi ko Tirela ya taɓa faɗa, ya ce sau ɗaya. Wani ya zagi ubansa, shi kuwa ya sunkuce shi ya ɗora a kan tankin ruwa ya koma bakin aikinsa, ko mari bai yi masa ba. Sai da aka nemo tsani. Wannan kam baƙon ya rubuta, yana dariya.

Challawa tun daga nesa hanci ke sanar da kai ka iso. Warin jima da na magunguna ya cika iska, kwatoci na gudu da ruwa mai launi iri-iri, direbanmu ya ɗaure hanci da hankici yana ta tsaki. Mahaifin Tirela a wata majema yake aiki tun kafin a haifi yaron. Mun jira shi har bayan la'asar, ya fito yana tura keke, dattijo mai matsakaicin jiki, hannayensa sun rine. Ya ce ba a yi wa baƙo magana a bakin titi, sai muka bi shi a hankali har gidansa a Panshekara. Ya shimfiɗa mana tabarma a zaure, aka kawo ruwa da fura.

Baƙon ya buɗe kwamfutarsa ya fara da cewa a ba shi labarin ɗansa. Dattijon ya sunkuyar da kai yana wasa da bakin tabarma, ya ce, "Wancan ɗin? Yana nan dai."

Aka tambaye shi wane hali ne ya fi so a wurin ɗan nasa.

"Ni ban san masa wani abin kirki ba. Ku tambayi mutanen waje."

Suna yawan magana a waya? Ya ce da ƙannensa yake magana, su suke faɗa masa ya kira. A gidan nan ya tashi? A'a, tun da aka yaye shi gwaggonsa ta ɗauke shi zuwa Gumel, sai da ya isa shiga sakandare ya dawo. Idan ƙungiya ta gayyace shi Amurka ranar zaɓen, zai je? Ya ce, "In je in yi me? Ina da aiki." Baƙon ya nemi ganin mahaifiyar, aka aika ciki, ta aiko cewa a gaishe da baƙi, ita ba ta da abin cewa. Har muka tashi ba wanda ya ambaci sunan Tirela a gidan.

Jama'a, tun daga amsar farko na san abin da nake gani. Tirela ɗan fari ne. Ni ma ɗan fari ne, har mahaifiyata ta koma ga Allah ban taɓa jin sunana a bakinta ba, kuma ban taɓa shakkar ƙaunarta ba. Alkunya ce tsagwaronta, irin ta mutanen da, ga kuma tsoron bakin mutane a kan yaron da Allah ya ɗaga. Amma na yi alkawarin ba sharhi, don haka na riƙa ɗauko maganar dattijon ina ajiye ta a Turanci yadda take. A Turancin kuwa sai ta fito tsirara: uba bai san wani alheri na ɗansa ba, ba sa magana, an ba da shi tun yana jariri, uwa ta ƙi fitowa. Ina kallon fuskar baƙon tana canzawa, yatsunsa na gudu a kan kwamfuta.

Na ce a raina idan mun shiga mota zan warware masa. Muna shiga ya juyo ya miƙo min hannu, ya ce a duk yawonsa ni ne tafinta na farko da bai yi masa kwaskwarima ba, ya ga maganar ta yi min nauyi amma na faɗe ta, kuma duk lokacin da ya dawo ƙasar nan ni zai nema. Wallahi yabon nan shi ya ɗaure min baki. Na ji idan na ce masa al'ada ce, zai ɗauka ni ma na fara zuba sukarin. Na ce bari in bari sai mun ci abinci, hankali ya kwanta. Muna cikin cunkoson hanyar Panshekara, tsakanin tireloli biyu, ya gama rubutunsa ya tura. Na ji ƙarar tafiyar saƙon da kunnena.

Mun kwana a wani masauki a Nassarawa. Da sassafe direba ya kai baƙon filin jirgi, ni kuma ina haɗa jakata aka ce ana sallama da ni. Dattijon ne, ashe jiya ya tambayi direba inda za mu sauka. Daga Panshekara ya taho a kan keken nan, ya ratsa gari guda, da wani ƙunshi a ɗaure a baya. Fatar akuya ce jemammiya, ja, mai laushi kamar ƙyalle, ya ce shi ya zaɓe ta da hannunsa a ba baƙo. Da na ce ya riga ya tafi, sai ya matso ya rage murya.

"Malam, ina fata jiya ban zaƙe ba? Da ya yi tambayar nan sai da na danne zuciyata. Kai na gida ne, ka san yadda abin yake. Wancan ɗin tunda yake bai taɓa sa ni na ɗaga murya ba. Amma a ce uba ya zauna gaban baƙo yana yabon ɗansa, ai sai su ce ba mu da tarbiyya, su fasa ɗaukarsa."

Na dubi dattijon nan, ya yi iyakar ƙoƙarinsa don ya kare ɗansa, kuma yana jiran in ce masa ya ci jarrabawa. Na ce, "Kun yi daidai, Baba." Ƙaryar da ban yi wa baƙo ba, ita na yi masa. Ya ji daɗi har ya yi murmushi. Ya karɓi wayata ya sa aka rubuta lambarsa, ya ce idan an yi zaɓen in kira shi in faɗa masa yadda ta kaya, don shi ba zai iya buɗe baki ya tambayi yaron ba.

A motar haya na dawo, daga tashar Na'ibawa, fatar tana kan cinyata. Ban ga tumatirin Kwanar Gafan ba, ban san lokacin da muka wuce Zariya ba. Tun daga Kura nake rubuta wa baƙon dogon saƙo, na bayyana masa alkunyar ɗan fari, da riƙon gwaggo, da zuwan dattijon a kan keke, na kuma ce laifina ne da ban faɗa a zauren ba. Amsarsa ta same ni muna shiga Kawo. Ya yi godiya, ya ce ya yarda da ni. Amma rahoton ya riga ya shiga hannun manyansa, kuma a samansa ya rubuta cewa akwai alamar matsala tsakanin yaron da iyayensa. Zai ƙara bayanina a ƙasa, sai dai ba zai ɓoye min ba, mutanen da ke karanta rahoton ɗaruruwan 'yan wasa a mako guda ba kowa ke kaiwa ƙasan shafi ba.

Na iso gida bayan la'asar, lafiya lau, ba abin da ya same mu a hanya. Abin da tafiyar nan ta koya min shi ne tafinta ba ɗan dako ba ne da zai sauke kaya ya juya. Duk kalmar da na faɗa a zauren nan gaskiya ce, amma baƙon ya tashi da ƙarya a kwamfutarsa, ni kaɗai ne a wurin na san haka, kuma na yi shiru don kada a rage min yabo. Ina jin kunyar wannan fiye da yadda zan iya rubutawa.

Zaɓen saura kwana tara. Wataƙila su ɗauki Tirela, wataƙila wata ƙungiyar ta riga su, wataƙila kuma a kira sunan ɗayan saurayin. Ko yaya ta kasance, akwai dattijo a Panshekara da zai fito daga majema ya wanke hannu ya zauna jiran kirana, da yaƙinin cewa ya yi wa ɗansa abin da ya dace. Idan ba a ɗauke shi ba zai ce haka Allah ya so, ba zai taɓa zargin kowa ba. Ni ne zan buga wayar, kuma ni na san saura.