An Mayar wa Nafisa Katinta na Lauya

Da safen nan labarin ya same ni, ina tsaye a layin burodi. Waya ta yi ƙara, na ɗauka, sai na ji kukan mace.

Na ce, "Inna lillahi, wa ya rasu?"

Ta ce, "Baffa, ba kowa. Sun mayar min. Sun mayar min da katina!"

Nafisa ce. Ustaza Nafisa, lauyarmu. Bayan shekara uku da 'yan watanni, ƙungiyar lauyoyi ta ba ta izini ta koma bakin aikinta. Kabbarar da na yi sai da mai burodi ya leƙo ta taga.

Mu ba ma yabon mutum sai ya kwanta dama. Ni ba zan jira ba, tunda ni na fi ta kusa da tafiya.

Ga waɗanda ba su san ta ba: mahaifinta, marigayi Malam Sale, aminina ne. Tare muka yi aiki a unguwar Dokki, nan Alƙahira, a gidan wani ma'aikacin jakadanci, shi direba, ni kuku. Mahaifiyarta 'yar Masar ce. Ni na yanka ragon sunanta. Cikin 'ya'yanmu da aka haifa a garin nan, ita ta fara saka baƙar riga ta tsaya gaban alƙali. Aikinta takardun zama ne: iƙama, da wanda fasfonsa ya ɓata, da wanda aka ce ya tattara ya bar ƙasa.

Ni ban yi makaranta ba, kowa ya sani, wannan ma faɗa nake ana rubuta min. Duk ranar da na kai mata takarda, sai ta ce, "Baffa, rubutun nan ya yi ƙanana, bari in karanta maka." Ta san ko da girman ƙofa aka rubuta ba zan gane ba. Ko sau ɗaya ba ta taɓa nuna ta sani ba.

Yanzu bari in faɗi yadda aka yi aka dakatar da ita, don na ji ana ba da labarin a karkace.

Gidana na Ainu Shams masauki ne. Duk wanda ya sauka Alƙahira iyayensa suka ba shi lambata, nan yake fara ajiye jaka. Wajen neman iƙama kuwa ana tambayar inda kake zaune da takardar haya, kuma masu gidaje da yawa ba sa son ba baƙo takarda. Sai in ce a sa gidana. Ni a wurina ba ƙarya ba ce. Ya ci tuwon gidana, ya kwana uku a falona, ubansa ya damƙa min amanarsa. In ba ɗan gidana ba ne, ɗan gidan wa ne?

Nafisa ta ce, "Baffa, a takarda, mazauni yana nufin a nan yake kwana yanzu."

Na ce, "Ke za ki koya min wane ne ɗan gidana? Da ubanki na da rai da bai yi min wannan tambayar ba."

Ta ɗauki biro. Ta sa hannu.

Mutum goma sha ɗaya a gida mai ɗaki biyu. Aka bincika, aka gano. Tara suka sake takardu daga farko, biyu sai da suka koma gida Najeriya suka sake dawowa, shekarar karatu ta wuce su. Ita kuma majalisar ladabtarwa ta dakatar da ita shekara uku.

Da na je mata jaje ina ta zagin masu binciken, abin da ta ce kawai shi ne, "Khalas, ya wuce, Baffa. Ba kai ka riƙe min biro ba."

Ta cire allon ofishinta na unguwar Abbasiya da hannunta. Ta kira duk mai fayil a wurinta, ta gaya masa gaskiya, ta miƙa fayilolin ga wani abokin aikinta, Ustaz Mina, Kirista ne ɗan Masar, mutumin kirki. Sannan ta ɗaura atamfa a ƙugu ta shiga shagon kawunta tana matse ruwan rake.

Lauya guda tana matse rake!

To, kun san halinmu. Mutanenmu suka ce ai kati aka karɓe, ba a karɓe abin da ke cikin kanta ba. Sai shagon ya zama kamar ofis. Mutum zai zo da fayil a hammata, ya ce a ba shi kofi ɗaya, ya tura takarda a hankali kusa da hannunta. Ita kuwa sai ta mayar da hannuwanta baya, ta kalli silin, ta ce, "Rake ko mangwaro?"

Ina ta dariya da su har abin ya zo kaina.

Aka kawo wa matata Hajiya Rabi wata takarda mai jan hatimi a kan iƙamarta. Hankalinmu ya tashi. Na nufi shagon kai tsaye.

Na ce, "Karanta min."

Ta ce, "Baffa, rake ko mangwaro?"

Na ce, "Ba lauya na zo nema ba, 'yata na zo nema. Karantawa kawai."

Ta ce, "In na karanta, za ka tambaye ni me za ka yi. In ka tambaye ni, ba zan iya rufe baki ba. In na buɗe baki, na yi aikin lauya. Ma'alish, yi haƙuri, Baffa. Je ka wurin Ustaz Mina, yanzu zan kira shi ya jira ka."

Idonta ya cika da hawaye, amma hannun nan bai fito daga baya ba.

Ustaz Mina ya warware matsalar cikin kwana biyu. Wannan bai sa na huce ba. Shekara guda ban yi mata magana ba. Na canza tashar da nake sauka a jirgin ƙasa na metro don kada in bi ta ƙofar shagon, ina ƙara tafiyar ƙafa da gwiwar nan tawa. Hajiya tana cewa, "Malam, wa kake horarwa, ita ko ƙafarka?"

Kuma duk wanda Nafisa ta kora, gidana yake kawo ƙara, tunda ni ne babba. Ni kuwa kaina ba ya zubar da abu. Na san shekarar da kowa ya shigo garin nan, na san inda aka binne kowa. Sai na riƙa tara laifuffukanta ɗaya bayan ɗaya, da suna da rana, ina jiran lokacin da zan zazzage mata su.

Da wa'adin ya cika na ɗauka kati zai dawo da kansa. Ashe ba haka ba ne. Sai ta rubuta takardar roƙo. Sai ta nuna ta rufe ofis, ta nuna inda fayil ɗin kowa ya tafi. Sai manyan lauyoyi sun rubuta cewa sun yarda da halinta. Ta ma koma aji ta zauna da ƙananan lauyoyi ana yi musu bita kan amanar sana'a. Duk ta yi.

Mu ne muka tsayar da maganar. An kai rahoto cewa kullum ana ganin baƙaƙen fata da fayil-fayil a ƙofar shagon rake, wai tana aiki a ɓoye. In hakan ta tabbata, ba dakatarwa ba ce kuma, goge sunanta za a yi gaba ɗaya.

Wata Juma'a da hantsi sai ga ta a gidana. Ta durƙusa ta gaishe ni, na amsa a ciki.

Ta ce, "Baffa, ina so ka je gaban majalisa ka faɗi duk abin da na yi maka. Kada ka rage komai."

Na ce, "Kada ki ce ban gargaɗe ki ba."

Ranar na sa babbar rigata. Mutum uku a bayan tebur, na tsakiyar mai farin gashi. Ya tambaye ni ko Ustaza ta taɓa duba min takarda cikin shekarun nan. Na ce dama irin wannan tambayar nake jira. Da Larabcin kasuwar da na iya na buɗe musu.

Na ce ta kori Hajiya Asabe ta Maraɗi washegarin ƙaramar sallah, tsohuwar da ta goya ta. Ta kori Malam Iliya da ya sa takarda ƙarƙashin kofi, ranar da aka yi ruwan saman da ya cika titi. Ta kori Yohanna direba da ya naɗe tasa cikin jarida, sati guda kafin Kirsimeti. Wani ya tura mata hoto ta waya, ta goge ba ta buɗe ba. Na yi ta jerowa har mutum goma sha tara, ni ne na ashirin.

Ban lura ba, ashe mai farin gashin yana bin wani littafi da yatsa. Littafin Ustaz Mina ne, inda yake rubuta duk wanda Nafisa ta tura wurinsa da ranar da ya zo. Duk sunan da na ambata yana ciki, a kan lokacinsa.

Ya cire tabarau ya ce, "Ya Hajj, shaidarta ka zo bayarwa ko ƙararta ka kawo?"

Na ce, "Duka biyu."

Har magatakarda sai da ya kife kai a tebur don dariya.

Sannan ya tambaye ni maganar adireshi. Nan dariya ta ɗauke. Na ce gidana ne, ni na matsa mata, har da sunan ubanta na yi mata barazana. Kafin in rufe baki ta miƙe ta ce, "Shi bai san doka ba, ni na sani. Laifin nawa ne, kuma mutum biyu sun rasa shekarar karatu saboda shi." Mutumin ya daɗe yana kallonta, sannan ya yi rubutu.

Rabona da ita tun a kan matakalar ginin nan, sati uku ke nan. Ta riƙe min hannu muna saukowa, ta ce, "Baffa, wallahi da kai mai saurin huce fushi ne da na shiga uku."

Nan ya kamata in faɗi abin da ke bakina. Sai na hau yi mata mitar cunkoson metro. Yau ma a waya na ce mata mabruk, wato barka, sau goma, waccan maganar ta ƙi fita.

To ga ta a gaban jama'a. Nafisa, ni na jefa ki cikin wannan hali, kuma ranar da kika tsaya a kan gaskiya ni na juya miki baya. Ki yafe wa Baffanki. Ku ma biyun da kuka rasa shekara, kun san kanku, ku yafe min.

Allah Ya sa albarka a wannan kati, Ya tsare hannunta daga sa hannu a kan abin da ba haka yake ba, ko da wa ya roƙe ta, ko da ni ne. Allah Ya saka wa Ustaz Mina da alheri. Allah Ya kai hasken wannan rana kabarin Malam Sale. Wanda duk aka dakatar yana jiran ranarsa, Allah Ya ba shi haƙuri irin nata, Ya ba shi dangin da suka fi mu hankali.

Wanda ya karanta, Musulmi ko Kirista, ya ɗaga hannu ya sa mata albarka da sunanta. Ni ma ku sa ni a ciki, ku roƙa min ta ce ta yafe.