Ɓaunar da Baba Inayat Ya Ɗaure a Bakin Magudana

Kafin injin takarda ya fara ruri, Baba Inayat ya riga ya zagaye tafkunan tace ruwa na masana'antarsu da ke wajen Sheikhupura. Zai ɗebo ruwan ya shinshina, ya harari bututu, ya harari duk wanda ke kusa da bututun. Mutumin nan bai yarda da kowa ba. Ko gaisuwa ka tsawaita masa, sai ya tambaye ka me ka zuba a ruwan.

A da, baƙin ruwan da aka dafa karan alkama da shi don yin takarda kai tsaye yake gangarawa magudanar da dabbobin ƙauye ke sha. Baba ne ya nace a riƙa tacewa ana mayar wa injin, ɗan ragowar kawai a saki. Babu wanda ya gode masa.

"Kai dai ɗan koren Chaudhry ne," in ji Bashiran, wata mata mai sayar da madara. "Ka wanke wa ruwan fuska, gubar tana ciki!"

Shi kuma Chaudhry Liaqat, mai masana'antar, gani yake manoma sun saye shi.

Baba ya jawo Bhuri, ɓaunarsa tilo, irin ta gida da ake kiwo ana tatsa, ya ɗaure ta inda ruwan ke fita. A nan take shan ruwa kullum.

Wata shekara aiki ya yi yawa, tacewa na kawo jinkiri, Chaudhry ya kira shi ofis ya ce a ɗan buɗe tsohon bututun da ke sakin ruwa ba tacewa, wa zai sani?

"To, ranka ya daɗe. Ya shayin?" in ji Baba, yana duban kofin da ke hannun Chaudhry.

"Ya yi daɗi. Me ya kawo maganar shayi?"

"Madarar Bhuri ce. Kullum ita nake kawo muku."

Chaudhry ya ajiye kofin a hankali. Ba a buɗe bututun ba.

Baba, kai ne mai bakin da ba ya daɗi, kai ne kuma dalilin da ya sa Bashiran ke kora dabbobinta magudanar yau hankali kwance. Mun zarge ka, mun ji kunya. Allah Ya saka maka. Masu tasowa, ku ɗauki halin nan: ruwan da ba za ku ba taku dabbar ba, kada ku sakar wa ta wani.

Ranar da Baba ya yi ritaya aka rataya masa furanni, Chaudhry ya ce cikin fara'a mota na nan za ta kai masa Bhuri gida.

Baba ya harare shi.

"Saurin me kake yi? Bhuri tana nan. Shayinka ma yana nan."

Ya shafa goshinta, ya tafi gida da ƙafa shi kaɗai.