Gurbin Kakata a Takardar Asali

Ranar kasuwar Madawa na sayi cuku a bakin tasha, na ɓalli gefe na sa a baki, sai na tsaya cik a tsakiyar mutane. Kai da ba ka tashi a Adar ba, za ka ce ai busasshen nono ne kawai. Ni kuwa ɗan tsamin nan, da ƙanshin tabarmar da aka shanya shi a kai, gidanmu suka mayar da ni, wani ƙauye gabas da Babankatami, gindin rumbun da kakata ta wajen uba take zama.

Ita kaɗai ta iya cuku a unguwarmu. Da damina, in shanu sun ƙoshi da ɗanyar ciyawa, takan fita tatsa rana ba ta ɗaga ba, ni ina biye da ita. Da mu Hausa take yi. Da shanu kuwa Buzanci take yi, ƙasa-ƙasa, kamar mai rarrashin jariri. In ta lura na kasa kunne sai ta yi shiru.

"Kaka, mi kika ce mata?"

"Na ce ta tsaya. Matsa can, kada ta halbe ki."

Kowace shekara bayan girbi, wani mutum yakan zo a kan raƙumi, da rawani har bisa hanci. Babana yakan ɗaura masa damman gero ba tare da wata magana ba. Kakata, wadda ko maigari sai ya rusuna yake gaishe ta, takan tuɓe takalmi tun daga nesa, ta durƙusa a ƙasa, ga tabarma kusa amma ba ta hawa. Ba ta ɗaga kai har ya tafi. Ran nan ba ta cin tuwo. Na taɓa tambayar babana ko mutumin ɗan'uwanmu ne. Ya ce baƙo ne, ya aike ni rijiya.

Ina aji uku a lakwal, makarantar boko, mushenmu, wato malaminmu, ya ce kowa ya zo da sunayen kakanninsa. Na samu kakata tana sussuka, na tambaye ta sunan ubanta. Ba ta ajiye taɓarya ba.

"Tahi wajen babanki ya ba ki na wajen ubanai. Suna da yawa, su ishe ki."

Suka ishe ni kuwa, har mushe ya yaba mini. Ta rasu shekarar da na tafi karatu Buza. Babana ya bi ta bayan shekaru, ni ma ban ƙara tambayarsa ba. Aure, aiki, 'ya'ya, kullum ina cewa sai na samu lokaci.

Bara waccan wani tsohon mushe da ya yi ritaya ya kafa ƙungiyar masu neman asali. Ana taruwa Lahadin farko na kowane wata a wani aji a Buza, waɗanda ke Yamai da Abijan da Libiya suna bin mu ta waya. Kowa aka ba shi babbar takarda mai gurabu, uba a dama, uwa a hagu, ana hawa sama. Akwai daɗi ƙwarai. Mutum biyu da suka shekara talatin suna ciniki a kasuwa ɗaya suka gano kakansu guda, suka rungume juna a gabanmu.

Ni ma na cike wajen kakana namiji har hawa shida. Da na zo kan kakata, na rubuta sunan da muke kiranta da shi, sai gwaggona, autar su babana, ta ce mini ta waya, "Wanga ba sunanta na yanka ba na. Nan garin aka sa mata shi da aka kawo ta." Daga ina aka kawo ta? Daga arewa. Wa ya haife ta? Gwaggo ta ce ba a tambayar wannan a zamaninsu.

Na ba da labarin mai raƙumi a taron. Wasu suka sunkuyar da kai. A nan na fahimci abin da na gani ina yarinya ban gane ba: kakata baiwa ce, ubangijinta ne yake zuwa karɓar rabonsa.

Bayan kwana biyu wani ɗan ƙungiyar ya kira ni, muryarsa duk kunya. Ya ce yana jin mai raƙumin kakansa ne. Ya ce shi bai san komai ba, amma akwai wata tsohuwa a zangonsu, arewa da Keita, wadda suka tashi tare da kakata.

"Hajiya, ki yi hanzari, ta tsuhwa ƙwarai."

Lokacin damina ta yi nisa, ƙorama ta cinye hanya, wajen aiki ma ba a sake ni ba. Sai da aka yanke gero na samu mota. Na samu tsohuwar kwance a bukka, ba ta fi yarinya 'yar shekara goma girma ba. Jikanyarta ta ce hankalinta ya gushe tun watan jiya. Na durƙusa na gaishe ta. Ta dube ni ta dube ni, sai ta cafke hannuna da ƙarfin da ban zata ba, ta shiga magana da Buzanci, da sauri, tana maimaita wata kalma. An sha gaya mini ina kama da kakata. Na ce a raina, sunan ne. Na kunna waya na ɗauki muryarta, ina kuka ina murna.

Jikanyar ta ƙi fassara mini, ta ce Hausarta ba ta kai ba. Na kawo wa wani malami a ƙungiya mai jin harsunan biyu muryar da na ɗauka. Ya saurara sau uku kafin ya buɗe baki.

"Cewa take, ki tashi, maruƙa sun kwance, in aka gani za a buge ku."

"Kalmar da take ta hwaɗi fa, malam? Ba suna ba na?"

"Ba suna ba na. Haka ake kiran kowace baiwa."

Tsohuwar ta rasu kafin sanyi ya shigo. Ba sauran wanda zan tambaya, ko a Keita ko a ko'ina.

Ni ungozoma ce. Kowace safiya ina rubuta sunan jariri, da na uwarsa, da na ubansa, a buga hatimi, a kai mari, ofishin magajin gari, a yi masa takardar haihuwa. Jikokina hotunansu sun cika waya tun ranar da suka faɗo duniya. Yau da wuya mutum ya ɓace haka, yana raye a tsakiyar 'ya'yansa. Na gode wa Allah da wannan, amma bai mayar mini da komai ba.

Har yanzu ina zuwa taron. Shugabanmu ya tambaye ni abin da za a sa a gurbin, na ce a bar shi haka nan. Duk wata sababbi suna zuwa, wasu da tsofaffin takardu a leda, wasu da kakanni goma a ka. In aka samu wanda ya karɓi takarda ya cika rabi, ya tsaya yana juya biro a hannu, shugaba yakan nuna masa inda nake zaune. Nakan matsa masa wuri a benci.